Mai zuwa kallon giwa a Kenya, ya kalli mai gadinta

A Katsina, idan mutum ya ce ya tara kuɗi zai hau jirgi ya tafi Kenya ko Tanzaniya ya yi mako guda yana yawo a daji don kallon namun dawa, tambayar farko da za a jefa masa ita ce ko ya sauke farali. In ya ce ya je Makka har ya koma Umara, sai a tambaye shi ko danginsa duk sun ƙoshi. In ya tsallake wannan ma, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "To kai ɗan nan, mu muna gudun daji, kai kuma kuɗi za ka biya a kai ka?" Wannan ta ƙarshen ita ce mai nauyi, kuma ban ga laifin mai yin ta ba. Mutumin Batsari ko Safana ko Ɗanmusa da ya sayar da gona da shanun huɗa ya fanso ɗansa daga hannun 'yan bindigar dajin Rugu ba shi da dalilin jin marmarin daji, ko na wace ƙasa ne.

Duk da haka, ni a ganina wanda Allah ya hore masa ya je. Har ma na fi son waɗanda ake kashe wa kuɗin gwamnati su tafi Dubai da Landan taron ƙara wa juna sani, wato kwamishinoni da 'yan majalisa da manyan sakatarori, a karkata akalarsu zuwa can, a haɗa su da hakiman ƙasashen da ke bakin daji da arɗo ɗaya ko biyu. Dalilina ɗaya ne. Duk dajin da baƙo zai kwana a tsakiyarsa cikin tanti, ba bindiga ba wuƙa, ya tashi da safe lafiya ya sha shayi, to akwai aikin da wasu suka yi kafin ya zo, kuma suna kan yin sa yana barci. Wannan aikin ne muka daina yi a dazuzzukanmu, kuma shi ya kamata matafiyi ya zuba wa ido fiye da zakin da ya biya kuɗi dominsa.

Ga yadda tafiyar take, ga wanda bai sani ba. Daga nan mutum zai gangara Kano ya hau jirgin Habasha zuwa Addis Ababa, daga can ya wuce Nairobi, ko filin jirgin Kilimanjaro in Tanzaniya ya nufa. Masu shirya tafiyar sukan tsara ta kwana biyar zuwa goma, mota ɗaya, direba ɗaya wanda shi ne kuma ɗan jagora. A Kenya yawanci daga Nairobi ake gangarawa cikin babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka, a bi ta garin Narok a shiga Masai Mara, tafiyar awa biyar zuwa shida. Daga nan a juyo tafkin Nakuru inda ake tsaron karkanda, a ƙare a Amboseli, inda giwaye ke kiwo dutsen Kilimanjaro na bayansu. A Tanzaniya daga Arusha ake tashi, a fara da Tarangire mai itatuwan kuka irin namu, a hau bakin ramin Ngorongoro, tsohon dutse mai aman wuta da ya rufta ya bar kwari mai zurfin kusan mita 600, sannan a faɗa Serengeti, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 14,750, wato ya fi rabin jihar Katsina. Tsakanin Serengeti da Mara ne dabbar nan da masu jin Suwahili ke kira nyumbu, 'yar uwar kanki, take ƙaurarta ta shekara-shekara tare da jakunan dawa da bareyi. An daɗe ana ƙiyasta sun haura miliyan 1. Ruwan sama da sabuwar ciyawa suke bi, kuma daga Yuli zuwa Oktoba suke ƙetare kogin Mara, kadoji na jiransu a ciki. Bafulatanin da ya saba kaɗa shanu kudu da rani ya dawo da damina ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

Abin da ba a nunawa a talabijin shi ne yawan jira. Ana tashi kafin alfijir ya keto, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, don ƙasar tudu ce. Mutum ya yi asuba a bakin tanti, wani Bamasaye, wato ɗan ƙabilar Masai makiyayan yankin, da jan mayafi da sanda da tocila na tsaye a gefe, domin doka ce ba a gilmawa tsakanin tantuna cikin duhu sai da rakiya. Sai a hau Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa, a yi ta tafiya sannu a hankali. Ana iya yin awa biyu ba a ga komai ba sai barewa, da gyado yana sheƙa gudu wutsiya a miƙe. Can sai direba ya tsaya ya leƙa ƙasa, ya nuna sawu a cikin ƙura, ya ce zakanya ce, da daren nan ta wuce, ga na 'ya'yanta ƙanana a gefe. Ya ɗaga kai ya dubi inda ungulaye ke shawagi. Ya kasa kunne ga birai da ke ihu a kan wata bishiya, ya ce akwai damisa kusa. Wannan ilimin ba baƙonmu ba ne. Shi ne na maharbanmu, na sarkin baka da yaransa, wanda ake gada daga uba zuwa ɗa. Bambancin kawai, a can ana biyan mai shi albashi don ya nuna dabbar da ranta, gobe ma ya sake nuna ta ga wani.

Randa garken giwaye ya tare hanya, direba kashe mota yake yi, kowa ya yi tsit. Za ka ji ƙarar cizgar ciyawa. Za ka ga uwar garke ta tumɓuko ta da saiwa, ta karkaɗe ƙasar a jikin ƙafarta kafin ta kai baki, ɗan ƙaraminta na ƙarƙashin cikinta yana ta fama da hancin da bai iya sarrafawa ba tukuna. Dabba mai nauyin tan uku ta gifta ta gaban motarka, ba ka ji takunta ba. A irin wannan wurin ne mutum kan tuna ayar Suratul An'am da ta ce babu wata dabba a ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa, face al'ummomi ne irinku. Mai cewa tafiyar nan sharholiya ce zalla bai taɓa tsayawa a gaban giwa ba. Sallah kuwa ba ta yi wa matafiyi wuya: ƙasaru ne, a haɗa azahar da la'asar a wurin da aka keɓe don sauka cin abinci, tunda ba ko'ina aka yarda a fito daga mota ba. Abinci ne dai sai mutum ya faɗa tun kafin ya taso cewa na halal yake so.

To amma mu koma bakin ƙofar shiga, don abin da nake so a gani a can yake. Ana rubuta lambar mota da sunan kowa da lokacin shiga. Tikiti na da lokacin ƙarewa. In rana ta faɗi, motar da ba ta koma masauki ba sai an bi sawunta. Direbobi na riƙe da rediyon oba-oba suna magana da juna yini guda. Hanyoyin cikin dajin ana bin su da gireda, akwai filayen saukar ƙananan jirage a tsakiyar ciyawa, akwai sansanonin masu gadi da bindigoginsu da motocin sintiri, wasu har da karnuka masu bin sawu. Motocin baƙin ma kansu idanu ne. Babu yadda za a yi mutum ɗari su kafa sansani da babura a cikin Mara su kwana biyu ba a sani ba. Kuɗin da ke riƙe da wannan tsari kuwa, kaso mai yawa daga aljihun baƙon yake fitowa. Tun Yulin 2024 gundumar Narok ke karɓar dala 200 a kan kowane baƙon waje a kowace rana a lokacin cunkoso, ɗan ƙasa kuma abin da yake biya bai kama ƙafar haka ba. Kenya ta karɓi baƙi fiye da miliyan 2 a 2024, kuma namun daji na cikin manyan abubuwan da suka kawo su. Ruwanda na sayar da izinin zaman awa ɗaya kusa da manyan biran nan na gorila dala 1,500, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayenta ke samu ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, kada a yi wa kowa rufa-rufa. Da jirgi da mota da masauki da kuɗin ƙofa, mako ɗaya kan lashe dubban daloli, abin da a canjin yanzu zai kai rabin kujerar Makka ko ya wuce, kujerar da ta haura naira miliyan 8 a 2025. Wanda bai sauke farali ba, ko yake da maraya a gidansu da ba a biya wa kuɗin makaranta ba, ba da shi nake ba. Da masu zuwa Dubai kai da kai nake, su dawo da turare da hoton doguwar hasumiya.

Mu ma muna da dazuzzukan da aka taɓa yi wa irin wannan tsari, kuma yara da yawa ba su san haka ba. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da duniya ta san shi da shi, akwai giwaye da jiminu a cikinsa, baƙi na zuwa kallo. Kamuku na Birnin Gwari a 1999 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa, kuma yana manne da Kuyambana ta Zamfara, sunan da yanzu ba a ambatonsa sai a labarin hari. Namu na Rugu, wanda takardun gwamnati ke kira Ruma da Kukar Jangarai, keɓaɓɓen daji ne tun zamanin En'e, daga baya aka gyara shi don makiyaya, aka yi madatsun ruwa na shayar da dabbobi, a zamanin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya ta 1965. Dattawan ƙauyukan da ke wajen za su gaya maka akwai lokacin da malamin daji ke da kwarjini, ba ka isa ka sa gatari a jikin ɗanyar bishiya ba sai da takarda. Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Aka daina kula da masu gadi, waɗanda suka yi ritaya ba a cike gurbinsu ba. Masu gawayi da masu katako suka shiga. Aka yanka gonaki a cikin burtali da makiyaya aka raba wa masu hannu da shuni. Namun suka ƙare ko suka yi gaba, hanyoyi suka toshe, ɓarayin shanu suka waiwaya suka ga wuri babu mai shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban ce rashin gwanki da mariya ne ya haifi 'yan bindiga ba. Akwai zalunci, akwai talauci, akwai makaman da suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011, akwai zinariyar Zamfara. Sai dai dukkan waɗannan mafaka suka nema, mu kuma muka miƙa musu ita ba ciniki.

A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya, ƙarƙashin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ta amince a ƙara gandayen ƙasa goma, cikinsu har da dajin Kogo na jihar nan, da Falgore ta Kano, da fadamar Haɗeja. A cikin wannan watan ne kuma aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji, shugaban yana hutu a Daura. Yau ka tare mutum goma a Ƙofar Ƙaura ka tambaye su ko sun san jiharsu na da gandun ƙasa, ka ji amsar da za su ba ka.

Wanda zai ce ai Kenya ta yi nisa, halinsu daban da namu, to ya dubi Chadi. A kudu maso gabashin ƙasar akwai gandun Zakuma, Musulmi ne ke kewaye da shi, yawancinsu makiyaya da manoma. A 2002 giwayensa sun kai kimanin 4,000. Kafin 2010 sun koma wajen 450. Mahara ne ke zuwa a kan dawakai da manyan bindigogi, da yawansu daga Sudan, su buɗe wa garke wuta don haure, har giwayen suka daina haihuwa saboda firgita. A 2010 gwamnatin Chadi ta damƙa riƙon gandun ga ƙungiyar African Parks. Abin da suka yi ba sihiri ba ne. Sun sanya wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda garke yake. Sun buɗe ɗakin rediyo da ba ya rufewa dare da rana. Sun share filayen saukar jirgi don masu gadi su zauna har da damina, lokacin da a da ake watsewa a bar dajin saboda ruwa ya cinye hanya, maharan kuma sun san da haka. Sun kuma raba rediyo a ƙauyukan kewaye, don mai gari ya kira in ya hango baƙin mahaya. Rediyon nan da aka kawo saboda giwa, ƙauyawa ma ya tsare su, domin mai zuwa satar haure ba ya wuce garken shanu ya ƙyale. Ba a same shi a banza ba. A watan Satumbar 2012 maharan suka far wa wani sansani a Heban suka kashe masu gadi shida suna sallar asuba. Amma giwaye suka koma haihuwa, suka haura 500, baƙi kuma na biyan kuɗi masu yawa su kwana a wurin.

Kusa da mu ma akwai misali. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma babu inda suka rage sai Nijar, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 ba su kai 50 ba. Ba shinge aka yi musu ba, a cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su yi wa manomi ɓarnar wake. Gwamnati ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka riƙa haƙa rijiyoyi da ba mazauna ƙananan rance, matasan ƙauyukan suka zama 'yan jagora. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, maƙwabciyarmu. Sai dai Kuren nan ce kuma ta nuna iyakar maganata. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas da suka je kallon raƙuman, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da ɗan jagoransu, 'yan Nijar. Daga ranar kasuwar ta mutu. Gandun da Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa a bakin kogin Kwara, inda mafi yawan zakunan yammacin Afirka suka rage, shi ma masu iƙirarin jihadi sun mamaye sassansa. Saboda haka kada wani ya ɗauka ina cewa a kawo Turawa da kyamara su kori Rugu. Tsaro ne ke fara zuwa, baƙo ya biyo baya, kuɗin baƙon kuma ya taimaka wajen riƙe tsaron don kada a koma gidan jiya. In aka juya jerin, gawa za a kwasa.

Akwai kuma abin da matafiyi zai gani a can wanda bai kamata mu kwaikwaya ba, kuma ɗan jagora ba zai faɗa masa ba sai ya matsa. Serengetin nan da ake yabo, da mutane a cikinsa. A 1959 Turawan mulkin mallaka suka fitar da Masayawa da shanunsu aka mai da su Ngorongoro, da alkawarin ba za a sake taɓa su ba. Yanzu gwamnatin Tanzaniya na matsa wa jikokinsu su bar Ngorongoron ma. A watan Yunin 2022 a Loliyondo jami'an tsaro suka yi arangama da makiyaya a kan shata wani yanki da aka keɓe don namun daji da masu farautar kuɗi, aka ji wa mutane raunuka, wasu suka tsallaka Kenya. Hoton Bamasaye da mashinsa shi ne a jikin kowace takardar talla, amma otal-otal da motocin da jiragen galibi na wasu ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Afirka ta Kudu al'ummar Makuleke da aka kora daga arewacin gandun Kruger a 1969 sai a 1998 suka karɓo ƙasarsu. African Parks ɗin da na yaba a Zakuma, ita da bakinta ta amsa a 2025 cewa masu gadinta sun ci zarafin 'yan ƙabilar Baka mazauna daji a wani gandu na Kongo. Ga kuma rashin kunyar wasu baƙin, da za ka ga motoci ashirin sun yi wa dabba ɗaya zobe tana neman abin da za ta ci, kowa na son hoto.

Na tsaya a kan wannan ne saboda na san halinmu. Ranar da aka ce za a farfaɗo da gandu a Katsina, abu na farko da zai zo wa wani jami'i a rai shi ne a kori duk mai saniya, a buga waya, a ba wani babba kwangilar otal. Wannan kuwa sabon rikici ne za a shuka a kan tsohon da ba a gama girbewa ba. Abin da ya fi dacewa da mu yana gefen Mara, a filayen da ba na gwamnati ba. A wurare irin su Naboisho da Olare Motorogi, Masayawa masu filaye ne suka haɗa filayensu suka ba masu masaukin baƙi haya, ana biyan kowane mai fili kuɗinsa a kai a kai, 'ya'yansu ne masu gadi da direbobi, shanu kuma na shiga kiwo bisa tsari, wannan yanki a wannan wata, wancan a bar shi ya huta. Ba a rasa tsamin rai a ciki, amma makiyayin da ke karɓar kuɗin haya ba ya zuba wa zaki guba cikin sauƙi, kuma ba ya rufa wa ɓarawo asiri. Wannan ne dalilin da na ce a tafi da arɗo. Shi zai fi kwamishina gane abin da yake gani, kuma shi zai yi tambayar da ta dace: in zaki ya kashe saniya, wa ke biya, kuma nawa?

Mai cewa keɓe daji al'adar Nasara ce, ya koma ya tambayi malamansa a kan hima. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u a kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, kuma an ruwaito ya umarci mai kula da makiyayar da ya keɓe ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare na manyan attajirai. Mu a nan na manyan muka buɗe wa, muka kori na ƙananan.

Ga wanda Kenya ta fi ƙarfin aljihunsa, wato kusan dukanmu, akwai Yankari a ƙasar Alƙaleri ta jihar Bauchi, tafiyar yini daga Katsina ta Kano. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, gwamnatin Bauchi ta karɓe shi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma yana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwayen da suka rage a Najeriya, da ɓauna da gwanki da dorina. Da rani ake zuwa, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji, sannan da yamma a faɗa ruwan ɗumin Wikki da ba ya sauka daga digiri 31 ko da hunturu. Ba Mara ba ne, mutum na iya fita ya dawo bai ga giwa ba sai kashinta da rassan da ta karya, kuma ko can ana jin ɗuriyar 'yan bindiga a wasu ƙauyukan kewaye, don haka a yi tambaya kafin a kama hanya. Amma har yanzu akwai masu gadi da ke shiga sintiri da ƙafa su kwana a ciki, kuma wannan kaɗai ya isa a kai yara su gani. Yaranmu sun san zaki da kura da giwa a tatsuniya, suna jin ana yi wa sarki kirari da toron giwa ranar hawan sallah, amma da yawansu ko barewa ba su taɓa gani tana gudu ba. Makarantun kuɗi da ke karɓar maƙudai don bikin yaye ɗalibai da rigar haya da hula mai gefe huɗu, da sun kai 'yan aji shida Yankari da kuɗin ya fi amfani. Wanda bai taɓa ganin daji mai rai ba, in ya girma ya zama darakta a ma'aikatar muhalli, ba zai ga komai a cikinsa ba sai buhunan gawayi da filin rabawa.

Yanzu dai an fara maganar da ta dace. Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma a watan Oktobar 2023, Shugaba Tinubu kuma ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji a watan Mayun 2025. Fargabata ita ce a mai da su wasu sojoji na biyu, su shiga da safe su yi harbi su fito kafin magariba, dajin ya koma hannun masu kwana a cikinsa. Mai gadin daji zama yake yi, rani da damina. Yana bukatar sansani da rijiya da hanya da rediyon da ke kaiwa ga mai gari da arɗo, da albashin da ba ya makara, don mai gadin da ke bin bashin wata uku shi ne zai fara sayar da labari. A ɗauke su daga cikin 'ya'yan maharba da 'ya'yan Fulanin da suka san kowane kwazazzabo, ba daga jerin sunayen da ɗan majalisa ya kawo ba. A fara da wuri ɗaya da za a iya riƙewa, ko Kogo ne ko wani yanki na Rugu, a shata iyakarsa tare da mutanen da ke kiwo da noma a gefensa, a faɗa musu rabonsu a rubuce. Kuma a rubuta tun yanzu abin da za a ba matar wanda aka kashe a bakin aiki da 'ya'yansa, domin za a kashe wasu.